Wasiƙa Zuwa Ga Edita: A Kan Yawan Katsewar Intanet Tsakanin Waya Da Kwamfuta A Ƙasa Mai Tsarki

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ake raina shi, alhali yana tsayar da aikin 'yan'uwanmu da dama da ke zuwa Saudiyya ko suke zaune a cikinta. Al'amarin shi ne yadda mutum zai kunna hosfot a wayarsa, wato saitin da waya take raba intanet ɗinta ga wata na'ura, ya jona kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, yana tsaka da aiki sai intanet ya yanke, ya sake jonawa ya sake yankewa, har aikin minti goma ya cinye masa yini. Wannan ya shafi ma'aikatan hukumomin jin daɗin alhazai, da wakilan kamfanonin jirgin yawo, da 'yan jaridar da ke aiko da rahoto lokacin Hajji, da ɗalibanmu na Jami'ar Musulunci ta Madina da na Ummul Ƙura a nan Makka, da kuma 'yan kasuwar da ke aika takardun kaya daga Jidda.

Sana'ata buga takardu da cike fom ce ga alhazai da masu Umara, saboda haka kusan kullum ina tare da masu wannan kuka. Abin da na lura da shi shi ne, da zarar intanet ya yanke sai mutum ya ɗora laifin a kan kamfanin layi, ya tashi ya tafi shago da fasfo ko iƙama, wato katin izinin zama, ya bi layi, ya dangwala yatsa, ya sayi sabon layi na wani kamfanin, ya zuba masa riyal masu yawa, sannan ya dawo masauki ya tarar da matsalarsa tana nan inda ya bar ta. A ra'ayina, mafi yawan wannan katsewa ba daga kamfanin layi take ba. Tana faruwa ne a ɗan tazarar da ke tsakanin waya da kwamfuta, wato a kan teburin da mutum yake zaune, kuma gyaranta ba ya buƙatar ko riyal ɗaya a galibin lokuta.

Kafin intanet ya kai ga kwamfuta ta hanyar hosfot, yana bin hanyoyi biyu ne daban: ta farko daga ƙarfen sabis zuwa waya, ta biyu daga waya zuwa kwamfuta. Lamarin kamar na mai ban ruwa ne da ya jona tiyo a famfo. Idan ruwa ya daina zuwa, ko dai an ɗauke shi daga famfon ne, ko kuma tiyon ne ya lanƙwashe a hanya. Saboda haka abu na farko da ya kamata mutum ya yi a daidai lokacin da kwamfuta ta yanke shi ne ya ɗauki wayar ya buɗe wani shafin intanet na yau da kullum, kamar shafin labarai. Idan shafin ya buɗe a waya ba tare da jinkiri ba, to hanya ta farko lafiyarta ƙalau, sauya layi kuma asarar kuɗi ce kawai. Na ce shafin labarai ne da gangan, ban ce WhatsApp ko Facebook ba, kuma zan faɗi dalili a gaba.

Babban abokin gabar hosfot a wannan ƙasa shi ne zafi, kuma a nan nake so in fi daɗewa domin shi ne abin da mutanenmu ba su cika kawowa a ransu ba. Wayar da aka kunna wa hosfot tana yin ayyuka masu nauyi a lokaci guda: tana magana da ƙarfen sabis, tana watsa waifai ga kwamfuta, sannan galibi tana jone da caji saboda hosfot yana shan batir da sauri. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana haifar da zafi a cikinta. Kamfanin Apple ya bayyana cewa an ƙera wayoyinsa ne domin su yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 a ma'aunin Salshiyas ba, sauran wayoyin ma ba su yi nisa da wannan iyaka ba. To a Makka da Madina wuce digiri 40 a watannin bazara ba labari ba ne, kuma a Hajjin shekarar 2024, cikin watan Yuni, hukumar kula da yanayi ta ƙasar nan ta auna digiri 51.8 a Masallacin Harami. Idan waya ta ji zafi ya kai mata wuya, takan kare kanta ne ba tare da neman izinin mai ita ba: ta rage hasken fuskarta, ta dakatar da caji, ta rage saurin aikinta, ta rage ƙarfin da take ba sashen sadarwa, wasu wayoyin ma su kashe hosfot ɗin ɗungurungum. Mai kwamfuta ba ya ganin wannan duka, abin da yake gani kawai shi ne intanet ya tafi.

Abin takaici kuma shi ne dabarun da muke yi don neman sabis su ne suke ƙara wutar. Mutum zai ɗora wayar a bakin taga inda rana take dukanta kai tsaye, ko ya ajiye ta a kan katifa ko bargo inda iska ba ta ratsa bayanta, ko ya bar ta cikin rigar roba mai kauri, ko ya jingina ta da gefen kwamfutar daidai inda iska mai zafi take fitowa. A ɗaya ɓangaren kuma, idan ya shige da ita can ƙuryar ɗakin da ba shi da taga, irin ɗakunan da suka yi yawa a tsofaffin gine-ginen Masfala da Shara Mansur, sai sabis ya yi rauni, wayar ta ƙara ƙarfin da take amfani da shi don ta cim ma ƙarfen sabis, zafin ya sake ƙaruwa ta wata ƙofar. Matsakaicin da na ga yana aiki shi ne a cire wa wayar riga, a ajiye ta kusa da taga amma a inuwa, a kan abu mai tauri kamar tayil ko gilashin tebur, inda iskar na'urar sanyaya ɗaki take kaiwa, a kashe fuskarta, a kuma guji caji mai gaggawa yayin da hosfot yake kunne. Na taɓa ganin wanda ya jefa wayarsa cikin firji don ta huce. Wannan ganganci ne, domin sanyin da ya zo farat ɗaya yana iya tara raɓa a cikin wayar ya lalata ta.

Da za a tambaye ni shawara ɗaya tak, da na ce a rabu da waifai a koma ga igiya. Kusan duk wayoyin zamani suna iya ba kwamfuta intanet ta igiyar USB, kuma zaɓin yana nan a wurin da ake kunna hosfot. Idan aka yi haka, wayar ta huta da watsa waifai, ta rage zafi, tana kuma samun ɗan caji daga kwamfutar, sannan babu wata waya a maƙwabta da za ta yi mata katsalandan. Sai dai akwai abubuwan lura. Wasu igiyoyi masu arha da ake sayarwa a bakin titi na caji ne kawai, ba su da zaren da ke ɗaukar bayanai, don haka mutum zai jona ya ga waya tana caji amma kwamfuta ba ta gan ta ba. Igiyar da ta zo da wayar a kwalinta ita ce abin dogaro. Mai iPhone da kwamfutar Windows yana buƙatar manhajar iTunes ko Apple Devices a kan kwamfutar kafin ta gane wayar, kuma gara ya sauke ta tun yana gida, domin sauke ta a Mina wani aiki ne. Mai wayar Android da kwamfutar Mac kuwa galibi igiya ba ta yi masa, sai ya haƙura da waifai. Ramin caji da ƙura ta cika shi ma yana sa igiya ta riƙa motsi tana yankewa. Wanda zai bar waya a jone tsawon yini kuma, idan wayarsa tana da saitin tsayar da caji a kashi 80 cikin 100, ya kunna shi don ya tausaya wa batirin. Akwai hanya ta uku ta Bluetooth, amma saurinta ya yi ƙasa ƙwarai.

Ga wanda dole sai ya yi amfani da waifai, ya kamata ya san cewa iskar masaukin alhazai cike take maƙil. A ɗauki gini mai hawa goma ko fiye, kowane ɗaki da mutum huɗu ko biyar, kowane mutum da waya ɗaya ko biyu, ga kuma na'urorin waifai na otal ɗin a kowane bene. Waifai yana aiki ne a kan zango biyu da aka fi sani, na gigahaz 2.4 da na gigahaz 5. Zangon 2.4 yana tafiya nesa yana ratsa bango, amma tashoshi uku ne kacal a cikinsa waɗanda ba sa hawa kan juna, wato ta 1 da ta 6 da ta 11, kuma na'urorin kunne na Bluetooth ma a kansa suke. Zangon 5 yana da tashoshi masu yawa, kuma ba ya ratsa bango sosai, wanda a irin wannan cunkoso alheri ne, domin hayaniyar maƙwabta ba ta iso ka kamar yadda take isowa a ɗaya zangon. Tunda waya da kwamfuta a tebur ɗaya suke, zangon 5 ya fi dacewa. A wayoyin Android ana zaɓarsa a cikin saitin hosfot. A iPhone 12 da waɗanda suka biyo bayanta kuwa akwai wani makunni na dacewa da tsofaffin na'urori, wanda idan yana kunne wayar takan koma zangon 2.4. Kada a ɗauka zangon 5 shi ne sabis ɗin 5G na kamfanonin layi, abubuwa ne guda biyu daban. Tsofaffin kwamfutoci na hannu da yawancinmu muke amfani da su wasu ba sa ganin zangon 5 sam, wasu kuma ba sa jituwa da sabon tsarin tsaro na WPA3, don haka mai irinsu ya bar hosfot a zangon 2.4 ya kuma mayar da tsaron WPA2.

Akwai wata ƙaramar matsala da ta sha ruɗa mutane. Kwamfuta tana tuna duk waifai da aka taɓa jona ta da shi, saboda haka idan mutum ya taɓa shiga na otal, sai ta riƙa tsallakawa can da kanta duk lokacin da hosfot ya ɗan yi rauni, ta maƙale a kan waifai da ba ya ɗauke da komai. A umarce ta ta manta da na otal ɗin, ko a cire masa izinin jonawa kai tsaye.

Waya da kwamfuta kuma dukansu an ƙera su da son tattalin batir, wannan tattali kuwa yana yanke hosfot. Yawancin wayoyin Android suna da saitin kashe hosfot da kansu idan aka ɗan jima babu na'urar da ke jone, don haka da kwamfuta ta yi barci na ɗan lokaci sai ta farka ta tarar an rufe ƙofa; ana iya kashe wannan saiti. Yanayin tattalin batir da na tattalin data su ma a kashe su, domin a Android na tattalin data yana hana hosfot aiki gaba ɗaya. Mai iPhone ya tsaya a kan shafin hosfot ɗin har sai kwamfuta ta jonu kafin ya fita. A ɓangaren Windows, tsarin yana da ikon kashe na'urar waifai ta cikin kwamfuta don rage shan wuta, musamman idan ba a jone take da lantarki ba, kuma ana cire masa wannan iko a wurin kula da kayan cikin kwamfuta.

Sai kuma haɗamar kwamfuta. Ita ba ta san cewa intanet ɗin da ake ba ta na waya ne mai tsada ba, tana ɗauka na ofis ne marar iyaka. Da ta jonu sai ta fara sauke sabuntawar Windows, wadda kamfanin Microsoft yake fitar da babbarta a Talata ta biyu ta kowane wata, ta fara tura hotuna da takardu zuwa ma'ajiyar intanet irin su OneDrive ko Google Drive, ga shafuka ashirin a buɗe kowanne yana ja. Hanyar tura bayanai daga waya zuwa ƙarfen sabis ta fi ta saukewa ƙunci, don haka idan hotunan ziyara suka cika ta, komai sai ya tsaya cak kamar an yanke, alhali ba a yanke ba. Maganin wannan yana cikin saitin waifai na Windows, inda ake shaida wa kwamfuta cewa wannan intanet na awo ne, sai ta rage yawancin waɗannan ayyuka na bayan fage. A nan ne dalilin da na yi alkawarin faɗa ya shigo. Da yawa daga cikin tsare-tsaren data da ake sayarwa a ƙasar nan sun raba datar gida biyu, kaso ɗaya na komai da komai, kaso ɗaya na kafofin sada zumunta kawai. Kwamfuta takan cinye kason farko cikin ƙanƙanin lokaci, sai mutum ya ga WhatsApp yana tafiya a wayarsa ya rantse cewa yana da data, alhali wadda kwamfutar take buƙata ta ƙare. A karanta sharuɗɗan tsarin kafin a biya, har da abin da ya ce game da raba data ga wata na'ura da kuma rage sauri bayan an kai wani adadi.

Ban ce hanya ta farko, wato daga ƙarfen sabis zuwa waya, ba ta taɓa samun matsala ba, ranka ya daɗe. Wanda ya zo da layin Najeriya ko na Nijar yana yawo da shi a nan, ya sani cewa a bisa tsarin da aka saba, bayanansa sai sun koma ƙasar da layin ya fito kafin su fita duniya, abin da ke ƙara jinkiri bayan tsada. Don aikin kwamfuta layin cikin gida na STC ko Mobily ko Zain ya fi. An fara 5G a Saudiyya tun 2019 kuma yana da sauri matuƙa a fili, amma a cikin gini mai kaurin bango yakan yi rauni, sai waya ta riƙa kai-komo tsakaninsa da 4G, kowane tsallake kuma yana iya girgiza abin da kwamfuta take yi, musamman taron bidiyo ko cike fom mai ƙa'idar lokaci. Tsayar da waya a kan 4G kaɗai yakan kawo natsuwa ko da saurin ya ragu, kuma mai cike bayanan alhazai natsuwa yake buƙata fiye da gudu. Mai layi biyu a waya ɗaya kuma ya lura cewa a wayoyi da yawa, idan kira ya shigo ta layin da ba shi ke ɗauke da data ba, datar takan tsaya har a gama magana. Mu kuwa mutane ne masu doguwar gaisuwa, kafin a tambayi lafiyar iyali da ta maƙwabta fom ya rufe. Wayar da aka ware wa hosfot gara a bar ta da layi ɗaya.

Akwai kuma inda babu saitin da zai yi magani. A Hajjin 2024 alhazai 1,833,164 hukumomi suka ƙidaya, kuma dukansu sukan taru a kwarin Mina da filin Arfa a ranaku ɗaya. Kamfanoni suna ƙara turakun sadarwa a waɗannan wurare kowace shekara, amma kowane turke yana da iyakar abin da zai ɗauka, don haka mutum zai iya ganin sabis a cike a fuskar wayarsa amma shafi ya ƙi buɗewa. A irin wannan hali sai a shirya aikin tun da wuri, a rubuta rahoto ko a jera sunaye ba tare da intanet ba, a rage nauyin hotuna, sannan a tura da tsakar dare lokacin da jama'a suka kwanta. Haka nan a jirgin ƙasa na Haramaini da aka buɗe a 2018 tsakanin Makka da Madina, wanda gudunsa yake kai kilomita 300 a sa'a, waya tana sauya turke bayan turke, don haka ba wurin tura takarda mai muhimmanci ba ne.

Ba zan tsallake batun kara ba, domin yana daga cikin manyan dalilan. Abokin ɗaki zai ce, "Alhaji, ɗan ba ni lambar sirrin in gaisa da iyali," kai kuma ba za ka iya hana shi ba, shi ma ya ba na kusa da shi, kafin la'asar wayarka tana ɗauke da mutum shida, biyu suna kiran bidiyo, ɗaya wayarsa tana tura hotunan Ɗawafi. Taimako abu ne mai kyau, balle a wannan wuri, amma wanda amanar bayanan ɗaruruwan alhazai take hannunsa ya kamata ya ware lokacin aiki. Wayoyin Android da yawa suna ba da damar ƙayyade adadin na'urorin da za su jonu, sauya lambar sirri kuma ba laifi ba ne. Barin hosfot a buɗe babu lambar sirri kuwa, ga mai riƙe da lambobin fasfo ɗin mutane, sakaci ne da bai kamata a yi wa uzuri ba.

Kirana ga hukumomin alhazai na jihohi da kamfanonin jirgin yawo shi ne su sanya wannan batu cikin bitar da suke yi wa ma'aikatansu kafin tashi, ko da na rabin sa'a ne, tunda yanzu izinin ziyarar Rauda da katin shaidar alhaji da sauran hidimomi da yawa sun koma kan manhajar Nusuk da makamantanta. Kowane ma'aikacin da zai riƙe kwamfuta a tabbatar ya gwada jona ta da wayarsa ta igiya tun a gida, ya kammala sabunta kwamfutar kafin ya hau jirgi, ya kuma taho da igiya ta biyu. Ofishin da mutum uku ko fiye za su yi aiki a cikinsa kuwa bai dace a rataya shi a kan wayar mutum ɗaya ba, wadda zai ɗauka ya fita da ita duk lokacin da aka kira shi asibiti ko tashar mota. A sayi ƙaramar na'urar intanet mai cin layi wadda aka ƙera don wannan aiki, a ajiye ta a wuri mai sanyi kusa da taga, a kuma tanadi layi na biyu daga wani kamfanin daban domin ranakun Mina da Arfa.

Na gode da wannan dama, Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka. Wassalam.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku,
Unguwar Masfala, Makka, Saudiyya.